Hanyar Makka a Bangon Ɗakin Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Bacirawa, ni da ƙanwata, ana idar da salla muka fito bakin titi da jaka ɗaya da ƙullin tsaraba. An ɗan yi yayyafi kafin gari ya waye, ƙasa sai ƙamshi take, masu shayi ma ba su gama hura wuta ba. Wani ƙauye muka nufa a bayan Kunci. Can ne mahaifar babanmu, can kuma yayarsa take zaune, wadda muke kira Gwaggo.

Masu bibiyata a shafin sada zumunta sun san sana'ata, ɗinkin labule da jeren ɗakin amare. Sun kuma san ciwona: son ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Falona ma shaida ne. Akwai fitila mai huda-huda da aka ce irin ta Maroko ce, akwai dardumar da mai shago ya rantse mini daga Turkiyya ta zo, ga wasu 'yan tukwanen fure da na gani a hoton wani gida na bakin teku na sa aka ƙera mini irinsu. Duk a Sabon Gari na tsinto su. Ni kuwa iyakar tafiyata Jos, ita ma biki ne ya kai ni. Na yi fasfo tun abubuwa suna da sauƙi, da niyyar in fara da Umara. Sai man fetur ya yi tashin da ya yi, komai ya bi bayansa, iyayen amare suka koma sayen gado da katifa kawai su ce Allah ya sa albarka. Fasfon yana nan a ƙasan akwati, ko tambari ɗaya babu a cikinsa.

A duk danginmu Gwaggo ce kaɗai ta ga duniya da gaske. Tana da ƙuruciya ita da mijinta, Allah ya jiƙansa, suka tafi Makka ta ƙasa, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa, suka yi shekaru kafin su dawo. Muna yara gutsattsarin labarin kawai muke ji, don hankalinmu yana kan dabinon da take ba mu. Kwanan baya sai saƙo ya zo cewa idonta ya tafi, kuma ta fara mantuwa. Abin da ya tayar da ni ke nan. Ina so in ji tafiyar nan daga bakinta, daga farko har ƙarshe, kafin ta ɓace mata ta ɓace mana.

Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, direban kuma ya cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba, ya ce duk wanda bai gamsu ba ya je ya tambayi gidan mai. Muka wuce Dawanau, manyan motoci suna tsaye, 'yan dako suna ta sauke buhuna, wata tsohuwa a gefena ta bi buhunan da ido har suka ɓace, ta ce hatsi dai ga shi nan, sai dai kallo. A gangara kuwa direban kashe mota yake ta tafi da kanta. Shirun da ake samu a lokacin yana da daɗi, sai ka ji kukan tsuntsaye da ƙarar taya a kan jiƙaƙƙen titi.

Daga nan gonaki suka karɓe mu. Wanda bai san wannan yankin ba zai ɗauka gari ɗaya ne mai tsawo, don ba ka rabuwa da gida sai ka ga wani, kuma shuka har bakin zaure. Gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsayi, wake yana rarrafe a ƙarƙashinsu. Ga ɗorawa, ga kuka, ga rimi can nesa da hazo a wuyansa. Na jingina kaina da gilashi ina kallon koren nan yana wucewa, ina raya wa kaina cewa a jirgin ƙasa nake a wata ƙasa mai sanyi. Ƙanwata ta zungure ni ta ce in sauko daga jirgin, mun iso Bici.

A Bici muka karya. Ƙosan da aka zuba mana ya ƙanƙance har sai da ƙanwata ta tambayi mai suyar ko yayensa aka yi da wuri. Matar ta yi dariya ta ce ta je ta ji farashin wake da na mai tukuna, ta dawo su yi maganar. Amma kokon da muka haɗa da shi ya yi daɗi, da kanumfari da citta yadda ya kamata. Muka sayi dafaffiyar gyaɗa, muka canza mota zuwa Kunci, daga can kuma acaɓa biyu suka ɗauke mu ta wata siririyar hanya tsakanin gonaki, ganyen dawa yana shafar mana gwiwa, raɓa tana jiƙa mana bakin zani.

Kafin azahar muka shiga gidan. Surukar Gwaggo, matar ɗanta, ita ta tarbe mu, ita ce kuma ke kula da ita. Gwaggo tana zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya, ta ƙanƙance ƙwarai, idanunta sun yi fari. Na durƙusa na gaishe ta. Ta lalubo fuskata da hannu biyu.

"Uwata ce?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Kin yi ƙiba. Ashe a birni ana ci."

Uwata take kirana tun ina jaririya, saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini, ba ta kuwa iya faɗar sunan. Jin ta gane ni ya sa na ji sanyi a raina.

Aka kawo mana kwaɗon zogale da fura mai ruwa-ruwa, surukar tana ta ba mu haƙuri cewa rumbu ya yi ƙasa, sai sabon gero ya shigo. Bayan la'asar na matsa kusa da Gwaggo na ce ta ba ni labarin tafiyarsu. Ta yi murmushi, ta buɗe baki, ta ce sun tashi ranar wata Alhamis. Sai ta tsaya. Ta juya kai hagu da dama kamar mai neman wanda zai tuna mata.

"Muka je... ina ma muka je, Uwata?"

Na ce Makka. Ta ce ai ta san Makka, hanyar take nema. Can sai ta tambaye ni ko an ɗaure awaki. Na tashi na koma bayan rumbu na share hawayena. A raina na ce na makara.

A ɗakinta aka sauke mu. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, da 'yar taga ɗaya. Bangon gabas duk jere ne irin na da: samira da langa an ɗora su bisa juna har kusa da rufi, fentinsu ya ɗan ɓantale, faya-fayi a rataye a sama. A tsakiya, daidai ƙirjin mutum, akwai wata kanta ta ƙasa da aka gina a jikin bangon, doguwa daga bakin ƙofa har kusurwa. Abin da ke kanta ne ya tsaya mini a ido. Kaskon turare na yumɓu kusa da moɗar ƙarfe, tasa kusa da ba komai, butar gahawa mai dogon wuya kusa da ƙatuwar katantanwa, ƙarami a gaban babba, baƙi a jikin fari. Duk sun yi ƙura. Idon mai jere bai iya ganin irin wannan ya yi shiru.

Da safe, bayan ta yi salla, na ga Gwaggo ta dafa bango ta miƙe. Ta fara daga bakin ƙofa, tana shafa kayan kantar ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi, har ta kai kusurwa. Na ce a zuciyata, Allah sarki, ƙura take ji a hannunta, ba ta son ta yi magana ne kawai.

Ranar akwai suna a maƙwabta. Da hantsi surukar ta riƙe hannun Gwaggo suka tafi, ƙanwata ta bi su. Ni na ce kaina yana ciwo. Suna fita na ɗaura ɗankwali na shiga aiki. Ko ba komai, 'yar da ta zo gidan tsohuwa ai ta gyara mata ɗaki, balle ni da ake biya in yi. Na kwashe kayan kantar gaba ɗaya na kai tsakar gida, na wanke su da toka da sabulu har moɗar ta fara ɗaukar ido. Da na dawo na ga saman kantar duk ramuka ne da gurabe, na ce wannan magini bai iya aiki ba. Na ciro wani guntun leshi fari da ya rage mini daga labulen wata amarya, na shimfiɗa a kai ya rufe komai. Sannan na jera, har da wata 'yar langa da na sauko da ita daga jeren bango: dogo a tsakiya, gajeru suna gangarowa hagu da dama, farare gefe guda, masu duhu gefe guda, tazara daidai wa daida. Akwai wani giɓi mai faɗin tafin hannu da na gani tun jiya yana damuna, shi na fara rufewa.

Na ja da baya na duba. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan katantanwar, wallahi sai ka ce hoton gidajen nan da nake kallo a waya. Na ɗauki hoto. A wurin aiki kullum biyu nake ɗauka, na kafin gyara da na bayan gyara. Ranar ban ɗauki na kafin ba, don ban ga abin ɗauka ba.

Bayan azahar suka dawo. Gwaggo ta shiga ɗaki, ta kai hannu bakin kanta kamar yadda ta saba, ni kuma ina tsaye ina jiran yabo. Yatsunta suka taɓa leshi, suka ja baya. Ta sake miƙawa, ta kama wani ɗan finjali fari da na sa a farkon layi. Ta juya shi, ta juya shi.

"Wa ya kawo ni Jidda ban ƙetare ruwa ba?"

Ta matsa gaba da sauri, hannunta yana karo da abubuwa. Ta taɓa kaskon turare a inda ba ta zata ba, ta koma baya, ta sake dawowa. Numfashinta ya canza. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, ta riƙe bakin zanina.

"Uwata, na ɓata. Ku kira Malam, mun rabu da ayari."

Malam mijinta ne, ya fi shekara ashirin a ƙasa.

Surukar ta leƙo, ta ga kantar, ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ja ni waje ta yi mini bayani da murya ƙasa-ƙasa. Kayan nan ba ado ba ne kawai. Kowanne daga zango ɗaya Gwaggo ta ɗauko shi a hanyar Makka, ta jera su yadda suka bi hanyar, daga ƙofa zuwa kusurwa. Tun da mantuwa ta kama ta, in ka tambaye ta da baki ba ta iya kawo komai, amma in hannunta yana kan kayan, sai garuruwan su riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya. Shafawar da na gani da safe tafiya take yi. Ita surukar ko yaɓe za ta yi wa kantar, ba ta ɗaga komai, da yatsa take zagaye gindin kowanne.

Na ce to ta faɗa mini yadda suke a da. Ta ce ita dai ta san kasko ne farko, samira ce ƙarshe, na tsakiya ba ta taɓa riƙewa ba. Na buɗe waya, hoton gwanintata ne kawai a ciki. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na wannan lokacin ba. Na zo neman labari, na tarar da shi a raye, na rushe shi da hannuna.

Maganar yaɓen ce ta dawo mini. Na koma ɗaki da gudu, na sauke kayan, na yaye leshin. Ramukan da na zagi magini a kansu suna nan: gurbin gindin kowane abu, shekara da shekaru ana zagaye shi da laka har ya zauna daram. Wani zagaye ne babba, wani ƙarami, wani mai ƙafa uku, wani a karkace.

Muka durƙusa ni da ƙanwata muna gwadawa. Kaskon ya faɗa gurbinsa na bakin ƙofa. Na ɗago Gwaggo a hankali na ɗora hannunta a kai. Ta shafa, ta sunkuya ta shinshina. Duk wankin da na yi masa bai kore ƙamshin ba.

"Maiduguri," in ji ta. "Wata Babarbariya ce ta ba ni. Kwana arba'in muka yi a gidanta, ta koya mini turara zani."

Gurbi na biyu na moɗar ƙarfe ne. Ta ce Fallomi, garin da yanzu ake kira Injamena, inda suka ƙetare kogi a kwalekwale tana rufe ido, Malam yana yi mata dariya. Na uku muka rikice, don tasa da wata 'yar langa gindinsu ɗaya. Na miƙa mata duka biyun. Ta ƙwanƙwasa kowacce da farce ta saurara, ta ce tasar ce, ta Abeshe, inda raƙuma suka fi mutane yawa, langar kuwa ta cikin jeren aurenta ce, wa ya sauko da ita? Na ce ni ce. Ta ce ai ta sani.

Muryarta ta fara ƙarfi. Hasken taga ya koma ja, ni kuwa ina durƙushe a ƙasan ɗakin ƙasa a bayan Kunci amma ina ganin rairayi, ina jin ƙararrawar raƙuma, ina ganin wata yarinya siririya da ƙullin kaya a ka tana bin bayan mijinta. Ban taɓa yin nisa da gida irin na wannan yammacin ba.

Bayan tasar, gurbi na gaba na butar gahawa ne. Da na zaunar da ita sai giɓin nan ya dawo tsakaninsu, faɗin tafin hannu, wurin a shafe sumul babu alamar an taɓa ajiye komai. Hannuna har ya kai kan butar zan ɗan matso da ita, halin sana'a. Gwaggo ta riga ni. Ta kife tafinta a kan wurin, ta bar shi nan.

"Nan gonakin auduga ne, a ƙasar Sudan. Guzuri ya ƙare, muka tsaya muna cirar auduga damina biyu."

Na ce, "Gwaggo, abin nan wurin ya ɓace ne? In nemo?"

"Nan ban ɗauko komai ba, Uwata. Nan bari na yi."

Ta ce a can ta haifi 'yarta ta fari. Yarinyar ta yi wata bakwai, har ta fara zama, zazzaɓi ya ɗauke ta a kwana uku. Suka binne ta a gefen wata gona, ƙarƙashin wata bishiya da ba ta san sunanta ba, da aka gama cirar auduga suka ci gaba da tafiya. Sunan mahaifiyarta ta sa mata.

"Ita ce Uwata ta fari. Da aka haife ki aka faɗa mini sunan, na ce to, ta iso gida."

Ko babanmu bai taɓa faɗa mana wannan ba, ban ma san ko ya sani ba. Ƙanwata ta juya fuska bango. Ni na ɗora hannuna a kan na Gwaggo a cikin giɓin, muka daɗe a haka.

Ita ce ta fara janyewa. Ta kama wuyan butar ta ce Kartum, inda kogi biyu suka haɗu kowanne da launinsa. Katantanwar ta zauna a gurbinta mai karkata, ta ce bakin teku, ta sa ni na kara ta a kunne in ji ruwan da ta ƙetare tana amai. Sai finjalin Jidda, sai gwangwanin zamzam na Makka, a nan ta ɗaga hannu sama. A kusurwa 'yar samirar Madina ta koma wurinta, wadda a ciki take ajiye dabinon da take ba mu muna yara. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi, mun iso. Sannan ta ce a ba ta ruwa, tafiya da ƙishirwa.

Na roƙe ta gafara. Ta ce wankin dai ya yi, moɗar ta yi santsi, amma tsumman nan da na shimfiɗa in kai wa amarena.

Washegari da safe na tsaya a bayanta ta yi tafiyarta daga ƙofa zuwa kusurwa ba tare da tuntuɓe ba, ƙanwata tana rubuta sunayen zangunan a takarda bi da bi. Muka bar wa surukar kwafi ɗaya, muka taho da ɗaya. Na kuma ɗauki hoton kantar yadda mai ita ta jera ta. Aka cika mana jaka da ɗanyar kuɓewa da kuka, duk da halin da ake ciki, muka ƙi karɓa, aka ƙi saurarenmu.

Dawowa motar ta mutu sau biyu kafin Bici, fasinja suka tura, ni ko a jikina. Ina ta kallon gidajen da ke wucewa a cikin dawa, ina tunanin ɗakuna nawa ne a cikinsu suke da irin wannan kanta, ni kuma ɗakuna nawa na shiga na gyara ban tambayi kowa komai ba.

Ana kiran la'asar muka sauka a Bacirawa. Na shiga falona na zauna ina kallon fitilar Maroko da dardumar Turkiyya. Suna da kyau, har yanzu ina son su, kuma ban fasa burin ganin ƙasashen ba in Allah ya kawo sauƙi. Sai dai ba ɗaya a cikinsu da zan dafa ya kai ni wani wuri. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma tun daga ranar duk ɗakin da aka kira ni gyara, kafin in ɗaga ko cokali sai na tambayi mai ɗakin me ya ajiye shi a nan.

A kan kantar falona na jera kwalbar kukar Gwaggo da takardar zangunan nan a cikin ɗan gilashi, na bar faɗin tafin hannu a tsakaninsu. Jiya maƙwabciyata ta shigo, ta ce wannan wurin ya yi fili, ta miƙa hannu za ta matso da kwalbar. Na riƙe hannunta na ce ta bar shi, akwai mai wurin.